Randar Kakata da Takardar Naira Ashirin

  Yau labarin kaina zan ba ki, labarin da na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, domin kuwa ni ce mai laifi a cikinsa. Ina roƙon ki daure ki karanta har ƙarshe, wataƙila ki tsinci wani abu naki a ciki.

Wata rana a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kai maƙura a nan Zuru, muka yi kwana huɗu babu wutar lantarki. Firij ya koma kabad, ruwan jarka kuwa kamar an ɗora shi a wuta. Na aiki 'yata ta fari, mai shekara tara, ta sayo mana ƙanƙara. Da ta dawo da canji, a ciki har da wata tsohuwar takardar naira ashirin, irin wadda yanzu da ƙyar take sayen alawa. Sai na ga ta tsaya tana juya ta, can ta ce, "Umma, wace ce wannan matar? Me take yi?" Na ce mata Ladi Kwali ce, tukunya take ginawa. Ta yi dariya ta ce, "Ashe mai ginin tukunya ma tana shiga kuɗi? Na ɗauka sai shugaban ƙasa." Kafin in ba ta amsa ta ƙara da cewa, "Umma, ke kin taɓa ganin yadda ake yi?"

'Yar uwa, wallahi sai na ji bakina ya yi nauyi. A gindin maginiya na tashi. Kakata ta wajen uba, wadda ta raine ni tun ina shekara huɗu, ba ta da wata sana'a da ta wuce ginin tukwane. Amma ga shi 'yar da na haifa ta kai shekara tara ba ta taɓa jin haka daga bakina ba.

Kaka mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Dabai. Mu Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kuma a wajenmu ginin tukwane aikin mata ne, 'ya ta gada daga uwa. Da an gama kaka an shiga rani, sai ita da ƙawayenta su yi sammako zuwa bakin rafi haƙar yumɓu. Takan ɗauki ɗan guntu ta murza tsakanin yatsu, wani lokaci har ta kai shi baki, nan take ta san ko zai yi ko ba zai yi ba. In an kawo shi gida sai a shanya, a daka, a tsince tsakuwa, a jiƙa shi ya kwana biyu. Daga nan ta daka tsingaron tsofaffin tukwane ya yi laushi ta barbaɗa a ciki, ta tattake da ƙafa har ya haɗe. Da ina yarinya na ɗauka tsimi ne ya sa take haka. Sai da na girma na fahimci garin tsingaron ne ke hana sabuwar tukunya tsagewa wajen bushewa da wajen gashi. Ashe kowace sabuwar tukunya tana ɗauke da wani abu na tsohuwa a jikinta.

Ba ta da keke, ba ta da tanderu. Tsohuwar tukunya take kifewa ta shafa mata toka, ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bubbugawa har gindin ya fito. In ya ɗan sha iska sai ta juyo shi, ta riƙa murza yumɓu dogo-dogo kamar igiya tana ɗorawa, tana zagaye tukunyar da baya-baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, har ta kai wuya ta fitar da baki da ɗan jiƙaƙƙen tsumma. Ado kuwa da murɗaɗɗiyar igiya ko totuwar masara take yin sa, ta mirgina a kafaɗar tukunya zane ya fito reras. Sannan ta dama jar ƙasa ta yi kauri kamar kunu ta shafe jikin, ta bi da wani santsin dutse tana gogewa har ya ɗauki sheƙi. Wannan dutsen na uwarta ne, ko mu ba ta bari mu taɓa.

Ranar gashi kuwa ranar fargaba ce. A bayan gida ake jera tukwanen a kan itace, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta da yamma in iska ta lafa. Duk ƙarar da aka ji daga cikin wutar sai Kaka ta runtse ido, domin ta san aikin mako guda ne ya fashe. Tun suna da zafi ake zaro na girki da dogon itace a yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, su yi duhu su ƙara ƙarfi. Randa da tulu kuwa ba a cika toshe jikinsu ba, saboda ana so su riƙa gumi. Washegari ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa. Wadda ta yi ƙara garau ta kasuwa ce, wadda muryarta ta dishe ta zauna a gida a ba kaji ruwa. Da kuɗin randa da tulu da kasko da tanda da asusu aka saya mini allo, aka ɗinka mini kayan makaranta, aka biya kuɗin jarrabawata ta gama sakandare.

To, ina aka samu matsala? Karatu ya fara yi mini daɗi, sai na fara jin kunyar hannun da ya biya kuɗinsa. Ina ajin farko a kwalejin ilimi, Kaka ta aiko mini da ɗan tulu mai kyau don in riƙa shan ruwan sanyi. Wata 'yar ɗakinmu ta gan shi ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ke kuma daga wane ƙarni kika zo? Ko irin wanda kuke ɗora wa matattunku ne?" Sauran suka taya ta. A daren na tura tulun ƙarƙashin gado, ban sake fito da shi ba har muka yi hutu, na baro shi can. Daga ranar, in an tambaye ni sana'ar mutanen gidanmu sai in ce noma.

Bari in yi miki bayanin abin da yarinyar nan take nufi, domin shi ne ya fi damuna. Ƙasar Zuru ta yi suna da wasu tukwane na musamman waɗanda a gargajiyance ake ɗorawa a kan kabarin manyan mutane, kamar sarki, ko shahararren mafarauci, ko gwanin kokawa, ko babban manomi. Wasu suna da siffar dabba, wasu ta mutum, wasu kuma hawa-hawa. Ba kowace maginiya ke yin su ba, wasu gidaje ne kaɗai suka gaji hakan, su ma mata ne. Tun a 1944 wani Bature mai suna Fitzgerald ya yi rubutu a kansu, kuma a yau da yawa daga cikinsu suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, wasu an saya, wasu an ɗauke ba da sanin masu su ba. Gidanmu ba ya cikin masu yin irin waɗannan. Kaka kayan amfanin gida kawai take ginawa, kuma ta karɓi Musulunci tun kafin a haife ni, ba ta wasa da salla. Amma ni a lokacin, da ɗan guntun ilimina, sai na haɗa komai na ɗaure a ƙulli guda: yumɓu da talauci da ƙauyanci da tsohon addini. Ina ganin nesantar su duka wani mataki ne na tsoron Allah.

Sau nawa takan ce mini in na zo hutu, "Kishiya, zo ki zauna ki kama mini nan, hannu ba ya koyo daga nesa." Sai in ce, "Kaka ina da jarrabawa." Ta ce, "To Malama, Allah ya ba da sa'a." Ba ta taɓa yin fushi ba. Da aurena ya tashi, ta yi wata guda tana gina mini randa, babba, ja, mai zanen igiya layi uku a kafaɗa. Ranar jere 'yan uwan miji suna ta yaba firij da kuloli da samiru, ni kuwa na raɗa wa ƙanwata ta sa a kai randar bayan ɗaki kafin baƙi su gani. Kaka tana tsaye, ta ji. Abin da kawai ta ce shi ne, "A kifa ta dai, kada ruwan sama ya kwanta a ciki." Allah ya yi mata rasuwa a 2019. Ranar da ake raba 'yan kayanta aka tsinci dutsen gugar nan a ƙulle cikin tsumma, babu wanda ya neme shi, domin cikin jikokinta mata bakwai babu wadda ta koya.

Tambayar 'yata ce ta sa na koma na nemi tarihin matar da ke bayan naira ashirin, kuma abin da na karanta ya ƙara mini kunya. An haifi Ladi Kwali wajajen 1925 a garin Kwali, cikin Gbagyi, wato Gwari. A wajen 'yar uwar mahaifanta ta koyi gini, da hannu, ba keke, kamar dai Kaka. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga kyan randunanta ya tara wasu a fadarsa. A can wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne gwamnati ta sa ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja, garin da a yau ake kira Suleja. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da keke, amma ba ta yar da ginin hannu ba, kuma ba ta daina zanenta na ƙadangare da kada da kunama da kifi da tsuntsu ba. Aka nuna aikinta a Landan tun 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa a 1980. Ta rasu a Minna a 1984, kuma tun 2007 hotonta yake a kan kuɗinmu. Ba ta yi karatun boko ba. Ni da na yi, sai na ɓoye irin aikin da ya kai ta can.

Akwai wani abu a tarihinta da ya tsaya mini a rai. Randunan da ta gina a cibiyar ana shafa musu wani sinadari da ke narkewa ya zama fatar gilashi, a gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Sun yi kyau ƙwarai, sun yi tsada, amma sun yi nauyi, kuma jikinsu ya toshe. Randa kuwa sirrinta a jikinta yake. Tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsatsowa ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, bushewar kuma tana janye zafi daga ruwan da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Saboda haka randar da ta tafi Landan ta zama abin kallo, amma ba ta iya sanyaya ruwa. Wadda na kife a bayan ɗaki tana iyawa.

A 1972 Ladi Kwali ta zagaya Amurka tare da Cardew, tana gina tukunya a gaban ɗalibai da malaman jami'o'i suna kallo. Na yi mamakin abin da zai sa mutanen ƙasar da ta fi kowa injina su taru kallon mai murza yumɓu. Da na bi diddigi sai na tarar su ma sun taɓa samun irin tasu sana'ar, ta kuma kuɓuce musu.

Turawan da suka fara zama a gabashin Amurka a ƙarni na 17 sun tarar da jan yumɓu ko'ina, kayan da ake kawowa daga Ingila kuma suna da tsada. Don haka kusan kowane yanki ya samu maginansa, galibi manoma ne da ke gini in aikin gona ya yi sauƙi. Suna yin kwanon madara da tulu da faranti da tukunyar ajiye abinci. Gwamnatin Ingila ba ta son mazauna can su riƙa ƙera kayansu, ta fi son su saya daga wajenta. Shi ya sa a shekarun 1730 gwamnan yankin Bajiniya yakan rubuta wa Landan cewa magini ɗaya ne a garin Yoktawun, matalauci, aikinsa bai taka kara ya karya ba. Da masu tonon tarihi suka haƙa wurin bayan fiye da shekara 200, sai ga babbar masana'anta.

Adonsu ne ya fi kama da namu. Su ma suna dama yumɓu ya zama kamar kunu, fari ko ja ko baƙi. Wasu su zuba shi a ɗan ƙoƙon yumɓu mai bututun gashin dinya, su tsiyaya a kan faranti ya yi layi-layi, kamar yadda mai lalle ke zane. Jamusawan da suka zauna a Fensilbaniya kuwa sukan shafe jan faranti da farin kunun yumɓu gaba ɗaya, sannan su kankare zane da tsinke har jan ƙasan ya bayyana. Suna zana fure da tsuntsu da mahayin doki, su rubuta shekara, wani lokaci har da sunan matar da aka yi wa. Akwai farantan wani magini mai suna George Hubener na shekarun 1780 da har yau ake karanta rubutun jikinsu. A Karolina ta Arewa kuma akwai Gottfried Aust, wanda ya iso ƙauyen Betabara a 1755, ya koma Salem a 1771, mutane na tahowa daga nesa ranar da zai buɗe tanderu. Shi kansa Cardew, kafin ya zo Afirka, da irin wannan ado na kunun yumɓu ya yi suna a Ingila. Ashe jar ƙasar da Kaka ke damawa 'yar gida ɗaya ce da abin da ake ajiyewa a cikin gilashi a can.

Sai kuma a ƙarni na 19 fararen tangaran masu araha suka cika kasuwa daga masana'antun Ingila, ga kwano na ƙarfe, ga kwalabe. Matan gida suka fara ganin jan faranti a matsayin kayan talaka da baƙauye, magina suka rufe tanderunsu ɗaya bayan ɗaya. Sai da abin ya kusa ƙarewa sannan masana suka fara bin gidaje suna tattara ragowar. A 1903 wani mai suna Edwin Barber ya buga littafi a kan farantan Jamusawan Fensilbaniya, kuma a yau ana sayen irinsu da kuɗi mai yawa. Uwargida, ki cire tangaran ki sa samira da roba da alminiyam, ai labarin ɗakunanmu ne.

Amma ɓangaren da ya sa ni hawaye shi ne na bayin da aka kwasa daga nan Afirka. A gonakin Bajiniya da Karolina ta Kudu, masu tono sun yi ta samun tsingaron wasu ƙananan tukwane da aka gina da hannu ba keke, aka goge jikinsu da dutse, aka gasa a buɗaɗɗiyar wuta, babu fatar gilashi. Da farko an ɗauka duk aikin 'yan asalin ƙasar ne, daga baya bincike ya nuna da yawansu bayin ne suka gina don dafa abincinsu. An raba su da ƙasarsu da harshensu da sunayensu, amma abin da hannu ya koya a gindin uwa ya tsallake teku tare da su. Su ƙarfi aka yi musu ba su saki ba. Ni dariyar 'yan mata huɗu ce ta sa na saki.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da ke sheƙi alheri ne. Fatar gilashin da maginan Amurka na farko ke shafa wa jan farantinsu da dalma ake haɗa ta. In aka zuba abu mai tsami a ciki, dalmar takan narke ta shiga abinci, magina da iyalansu da masu saye duk sun sha cutarta, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka guje ta. Mu nan ba sai an gaya mana illar gubar dalma ba. A 2010, a maƙwabtanmu Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda niƙa dutsen zinari mai dalma a cikin gidaje. Wani binciken da aka yi a Kamaru ya kuma gano dalma a tukwanen alminiyam na zubi, waɗanda ake narka tarkacen ƙarafa a ƙera. Tukunyar Kaka ba a shafa mata komai sai jar ƙasa da makuba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, randa tana sanyaya ruwa ne, ba ta kashe ƙwayar cuta. In ruwan rijiya ne ko na rafi, a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa kafin a zuba. A riƙa wanke ta akai-akai, a rufe bakinta da murfi mai kyau, a ware mata moɗa ɗaya mai dogon hannu wadda ba a sha da ita, a hana yara tsoma hannu. A ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa, a kan yashi mai damshi. Da wannan hikimar ce wani malami a Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai tumatir da gauta da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekara ta 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a kan haka. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saura maganar da ta fi damuna, wato ta addini. Kwanakin baya ina koyar da babin tsarki, wata ɗalibata, matar aure, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, randar da na saya a kasuwa an ce wadda ta gina ta ba Musulma ba ce, ko ya halatta in yi alwala da ruwanta?" Na ce mata ƙwarai kuwa, asalin mazubi tsarki ne matuƙar ba a ga najasa a cikinsa ba, kuma malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi alwala da ruwan gidan wata Banasariya. Ina faɗa ina jin kamar da kaina nake magana. Na san wannan hukuncin tun ina ɗaliba, amma ban taɓa ɗora shi a kan randar kakata Musulma ba. Aza siffa a kan kabari abu ne da addininmu bai yarda da shi ba, kuma babu mai kiran ki zuwa gare shi. Gina tukunyar da za a dafa wa yara abinci kuwa neman halal ne da hannu. Ƙyamar da na yi ba taƙawa ba ce, girman kai ne na sa masa hijabi.

A yammacin ranar da 'yata ta yi tambayar nan, na ja hannunta muka zagaya bayan ɗaki. Randar tana nan a kife yadda Kaka ta ce, shekara goma sha ɗaya, gara ta yi gini a gefenta. Muka ɗaga ta ni da Abban yara, muka wanke, na ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar yadda na ga ana yi. Ta amsa garau. Na cika ta da dare, da asuba 'yata ta ɗebi moɗa guda ta sha ta ce, "Umma, akwai ƙamshin ruwan sama a ciki." Na zaunar da ita da ƙannenta na gaya musu wadda ta gina ta, da garinsu, da yadda take zagaye tukunya da baya-baya, da kuɗin jarrabawa, har da maganar da na raɗa ranar jere. Wannan ta ƙarshen ita ta fi wuyar fita.

Ranar kasuwa muka je layin masu tukwane. Da can yana da tsawo, yanzu 'yan tsofaffi ne ƙalilan a tsakanin tulin robobi. Na gaida wata dattijuwa da harshenmu, na faɗi ƙauyenmu, sai ga shi ta san Kaka, tare suke zuwa haƙar yumɓu. Ta ce mini 'yan mata ba sa son aikin, ga wahala ga raini, kuma tun da matsalar 'yan bindiga ta addabi ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, mata da yawa sun bar garuruwansu, wasu wuraren haƙar ma babu mai iya zuwa. Na ce, "Iya, in na riƙa kawo miki jikarki ranar da ba makaranta, za ki koya mata?" Ta dube ni da hijabina ta ce, "Malama, ke ba za ki zauna ba?" Na ce zan zauna.

Yanzu wata uku ke nan muna zuwa duk Alhamis da yamma, da iznin maigida. Hannuna ya yi tauri, abin da nake ginawa ko kaji sai sun yi haƙuri. Yarinyar kuwa ta gina ɗan kasko, karkatacce ne amma ya tsira daga wuta. Kafin ya bushe na ba ta tsinke ta rubuta sunanta da shekara a gindinsa. Na kuma karɓo dutsen gugar nan daga wajen gwaggona, yana hannunta.

Ƙasar nan tamu ta daɗe da sanin yumɓu. Kayan da aka tono a Nok, kudancin Kaduna, sun haura shekara 2,000, waɗanda aka tono kusa da Yelwa a nan jiharmu lokacin aikin dam ɗin Kainji sun haura shekara 1,000. Duk tsawon wannan lokaci uwa ce ke miƙa wa 'ya, kuma tsara ɗaya tak ta isa ta yanke igiyar. Mutanen Amurka sai da tasu ta yanke suka koma tsintar tsingaro. Mu har yanzu masu sanin suna da rai, suna zaune a bakin kasuwa.

Don haka uwargida, ba na ce ki yar da firij ko ki koma girki a murhu ba. Abu uku kawai nake roƙo. Ki samar wa randa wuri a gidanki, inda baƙo zai gan ta. In kin je saye, kada ki yi wa tsohuwa tayin wulaƙanci a kan aikin da ya ci mata mako guda, alhali ba kya taya roba. Na uku, wanda ya fi, ki dubi tsofaffin gidanku. Wataƙila taku ba maginiya ba ce, mai kaɗi ce, ko mai saƙar faifai, ko mai daddawa, ko mai sabulun salo. Ki tambaye ta tun tana iya ba ki amsa, ki kai mata 'ya'yanki, ki rubuta sunanta da abin da ta iya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni na samu randa ta jira ni, amma mai randar ba ta jira ba, kuma ban samu damar ce mata ta yi kyau ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, ya saka musu da Aljanna a kan wahalar da suka sha dominmu, ya yafe mana abin da muka gaza a haƙƙinsu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.